Haƙƙin sirri da batun haihuwa: abin da ba a rubuta a kundin tsarin mulki ba, akwai shi kuwa?

Ɗalibar_Shari'a:
Assalamu alaikum jama'a. Akwai abin da ya tsaya min a rai tun makon jiya, na ce bari in kawo shi nan ko zan samu mai warware min. Ina karatu kan yadda kotuna ke fassara kundin tsarin mulki, sai na tarar a duk kundin Amurka, daga farko har ƙarshe, babu inda aka rubuta ƙarara cewa mutum yana da haƙƙin sirri. Amma Kotun Ƙolinsu ta ce akwai shi, har ta ɗora batun zubar da ciki a kansa a 1973, ya zauna kusan shekara 50, sai a 2022 wasu alƙalan suka ce ɗorin nan kuskure ne tun farko. To haƙƙin da ba a rubuta ba haƙƙi ne na gaske, ko kuwa zanen aro ne da ba ya rufe katara? Kuma maganar haihuwa, yaushe za a haihu, nawa za a haifa, da abin da ke tsakanin mace da likitanta, ta cancanci a sa ta cikin kundi? Na san batun yana da zafi, don Allah a yi magana cikin mutunci.

Tsohon_Lauya:
Wa alaikumus salam 'yata. Kada ki fara daga 1973, koma 1965, a nan tushen yake. Jihar Connecticut tana da wata doka tun 1879 da ta haramta amfani da duk wani abin hana ɗaukar ciki, har ga ma'aurata a ɗakinsu. A 1961 wata mata, Estelle Griswold, da wani likita, Lee Buxton, suka buɗe wurin ba da shawara a birnin New Haven, suna sane za a kama su. Aka kama su, aka ci kowanne tarar dala 100, magana ta yi ta hawa har Kotun Ƙoli. Alƙalai 7 cikin 9 suka soke dokar.

Hujjar mai shari'a Douglas, wanda ya rubuta hukuncin, ita ce: gyara na 3 da aka yi wa kundin ya hana a sauke maka soja a gida ba da yardarka ba, na 4 ya hana a binciki gidanka da takardunka ba bisa ƙa'ida ba, na 5 ya hana a tilasta maka ba da shaida a kan kanka. In ka haɗa su, ai ka ga abin da ake karewa. Kamar bishiya ce, reshe kake gani amma inuwar ma tata ce. Har ya yi tambaya ko za a bar 'yan sanda su shiga ɗakin barcin ma'aurata neman alamar sun yi amfani da magani. Sannan ga gyara na 9, wanda ya ce lissafa wasu haƙƙoƙi ba ya nufin sauran da ba a lissafa ba sun faɗi.

Gaskiya_Ɗaya:
Duk wannan kewaye-kewaye ne. Sirri daban, ran ɗan Adam daban. Wanda ya kashe rai a ƙuryar ɗaki bai kuɓuta ba don ƙofa a rufe take.

Mai_Bibiyar_Tarihi:
Malam Gaskiya_Ɗaya, ka yi haƙuri, ka tsallaka kai tsaye zuwa zubar da ciki, alhali wannan haƙƙin ya fi haka faɗi. Bari in kawo ɗaya ɓangaren da mutane ke mantawa. A 1927 Kotun Ƙolin Amurka, alƙalai 8 cikin 9, ta amince jihar Virginia ta yi wa wata yarinya, Carrie Buck, aikin hana haihuwa dole, wai tana da raunin ƙwaƙwalwa. Daga baya masu bincike suka nuna lafiyarta ƙalau, talauci ne laifinta. Mutum sama da 60,000 aka yi wa irin wannan aiki a ƙasar cikin ƙarni na 20. A Indiya, lokacin dokar ta-ɓaci ta 1975 zuwa 1977, miliyoyin maza aka yi wa, da yawansu talakawan karkara da aka matsa wa lamba. China ta yi shekaru sama da 30 tana hana iyalai da yawa wuce ɗa ɗaya.

Sai ka juya Romaniya. A 1966 shugabanta Ceausescu ya ga yana son jama'a su ƙaru, ya haramta zubar da ciki, aka ƙuntata hanyoyin tazarar haihuwa, har aka riƙa duba mata a wuraren aiki don a gano mai ciki. Mace-macen mata masu juna biyu ya zarce na ko'ina a Turai, gidajen marayu suka cika, sai da mulkinsa ya faɗi a Disambar 1989 aka soke dokar. Ƙofar da gwamnati ke bi ta ce dole ki haihu, ta nan take bi ta ce ba za ki haihu ba. Ni abin da ke hana ni barci ke nan.

Gaskiya_Ɗaya:
A kan tilasta wa mutum ya daina haihuwa ba mu da saɓani, zalunci ne. Amma kada a fake da guzuma a harbi karsana.

Malam_Mai_Nazari:
Bari in sa baki kaɗan. Rufin asiri ba baƙon abu ba ne gare mu da za a ce kotun wata ƙasa ce ta ƙirƙiro shi. A Suratul Hujurat an hana bin diddigin asirin mutane, a Suratun Nur an hana shiga gidan wani sai da izini da sallama. Wannan tun kafin a san wani abu wai shi kundin tsarin mulki. Sai dai asirin da aka ce a rufe bai halatta abin da aka haramta ba, ya dai hana a leƙa. Abu biyu ne mabambanta.

Game da ciki kuwa, gaskiyar magana malamai ba su haɗu a kan magana ɗaya ba kafin a busa rai, wato kwana 120. Malikiyya sun fi tsanantawa, mafi rinjayensu sun hana tun daga shigar ciki. Wasu daga cikin Hanafiyya sun sassauta idan akwai uzuri. Bayan busa rai kuwa babu sauran magana sai idan ran uwar ne ke cikin haɗari. Na faɗi haka ne don kada wani ya ce addini bai san lalura ba, kuma kada wani ya ce addini ya sakar wa kowa mara.

Ɗalibar_Shari'a:
Na gode Malam. Wannan bambancin da ka yi, na hana leƙe da halatta abu, shi ne daidai inda nake rikicewa. Baba Tsohon_Lauya, a shari'a ma haka ake raba su?

Tsohon_Lauya:
Ƙwarai kuwa, kuma rashin raba su ne ya jawo rabin rigimar. Kalma ɗaya ce ake ɗora mata kaya biyu. Na farko, kada a san abin da ban so a sani ba: wasiƙata, wayata, takardun asibitina. Na biyu, kada a yanke min shawarar da tawa ce: wa zan aura, zan haihu ko a'a. Na farkon kusan kowace ƙasa ta rubuta shi, yana ma cikin sashe na 12 na sanarwar haƙƙin ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1948. Na biyun shi ne ake ta ja a kai.

A shari'ar Roe, Janairun 1973, mai shari'a Blackmun ya ɗauki na biyun ya jingina shi da kalmar 'yanci da ke cikin gyara na 14. A 1992, shari'ar Casey, aka rage masa ƙarfi amma aka bar ginshiƙin: jiha ba za ta hana ba kafin jariri ya kai matsayin iya rayuwa a wajen mahaifa. Sai ranar 24 ga Yuni 2022, a shari'ar Dobbs da ta taso daga dokar Mississippi ta mako 15, alƙalai 5 suka tumɓuke Roe gaba ɗaya. Shugaban alƙalan, Roberts, ya yarda a bar dokar Mississippi amma bai yarda a tumɓuke ba. Ma'aunin mai shari'a Alito, wanda ya rubuta hukuncin, shi ne: haƙƙin da ba a rubuta ba sai in yana da saiwa mai zurfi a tarihin ƙasar, kuma a 1868 da aka yi gyara na 14 yawancin jihohi suna hukunta zubar da ciki.

Abin da zan ƙara miki, ko masu goyon bayan sakamakon Roe ba duka suka gamsu da hujjarsa ba. Marigayiya mai shari'a Ruth Bader Ginsburg ta Kotun Ƙolin ta sha faɗin cewa da an gina shi kan daidaito tsakanin mace da namiji da ya fi ƙarko.

'Yar_Gwagwarmaya:
A 1868 ɗin da ake auna komai da ita, mata a Amurka ko ƙuri'a ba su da ita a matakin ƙasa sai 1920. Ta yaya za a ce a nemo haƙƙin mace a tarihin da ba a tambayi mace komai ba? Wannan ma'aunin an san amsarsa tun kafin a ɗora kaya.

Mai_Lura:
Yaya 'Yar_Gwagwarmaya, ina jin zafin maganarki, amma ki duba ɗaya gefen. In alƙali zai iya ciro haƙƙi daga inuwa, gobe wani alƙalin zai ciro wanda ba kya so daga wannan inuwar. Mai shari'a Hugo Black, ɗaya daga cikin biyun da suka ƙi a 1965, ya ce shi ma yana son sirrinsa kamar kowa, amma bai ga inda kundin ya hana jiha yin dokar ba. Abokinsa Stewart ma ya kira dokar ta wauta, duk da haka ya ce ba aikinsa ba ne ya soke ta. Mutum 9 da ba a zaɓe su ba, kuma ba su da wa'adin sauka, bai kamata su yanke wa mutum miliyan 300 da ɗoriya magana irin wannan ba. A kai ta gaban jama'a.

'Yar_Gwagwarmaya:
To ai amfanin kundi ke nan, ya ɗauke wasu abubuwa daga hannun masu rinjaye. In da ƙuri'a za a bi a kan komai, wa zai kare wanda ba shi da yawa? Carrie Buck ɗin da aka ambata, majalisar da jama'a suka zaɓa ce ta yi dokar da aka yanke ta da ita.

Mai_Lura:
Kuma kotu ce ta sa hannu, 8 da 1. Kin ga ashe kotun ma ba mafaka ba ce kullum.

Uwar_Biyu:
Ni ban san dokokin nan ba, amma bari in faɗi abin da ya same ni, tunda ba sunana ke nan ba. Shekara huɗu da suka wuce na yi ɓari, cikin wata uku da 'yan kwanaki. Jini ya ƙi tsayawa, aka yi min wankin ciki. Ban gaya wa kowa ina da cikin ba sai maigidana, don na taɓa yin ɓari kafin nan, ina jiran ya yi ƙwari. Wata ma'aikaciya a asibitin ta san wata 'yar'uwar mijina. Kafin a sallame ni labari ya riga ni isa gida, kuma ba a ce na yi ɓari ba, cewa aka yi na je an cire min. Ina kwance ina kukan ɗan da na rasa, ana can ana shari'ata. Wata shida ban iya shiga cikin danginsa ba. Allah ya sa shi yana wurin, da idonsa ya ga komai, da ban san inda auren zai kwana ba.

Shi ya sa in na ji ana maganar sirri kamar wani abin masu kuɗi ko na marasa kunya, sai raina ya ɓaci. Ban yi laifin komai ba, amma rashin sirri ya kusa rusa ni. Yanzu ku ɗauka a ce ba dangi ne suka ji ba, ɗan sanda ne, kuma dole in tabbatar masa cewa da kansa ya zube. Da me zan tabbatar?

Ungozoma_A_Bakin_Aiki:
Allah ya ba ki ladan haƙuri ƙanwata, ya raya miki biyun. Abin da ma'aikaciyar nan ta yi cin amana ne, ko a wace ƙasa take.

Tambayarki ta ƙarshe ita ce ainihin matsalar, kuma masu rubuta doka ba sa son jin ta. Mace ta zo tana zubar da jini, a mafi yawan lokuta ba za ka iya bambance wadda cikinta ya zube da kansa da wadda ta sha magani ba. Maganin da ake ba mai ɓari don mahaifa ta fitar da saura shi ne dai ake amfani da shi a ɗayan. Aikin wankin ma ɗaya ne. Ga ciki a bayan mahaifa, wanda ba zai taɓa rayuwa ba, in aka yi jinkiri ya fashe uwar ce za ta tafi. Duk dokar da ta sa likita tsayawa yana tunanin kurkuku kafin ya taɓa majiyyaciya, minti nawa take ci? Mu da ke tsaye a kan mace jininta na sauka mun san darajar minti.

A Ireland an sa wa kundi gyara na 8 a 1983, ya daidaita ran uwa da na ɗan da ke ciki. A Oktobar 2012 wata likitar haƙori, Savita Halappanavar, ta zo asibiti a Galway cikinta na mako 17 yana zubewa. Ta nemi a cire, aka ƙi saboda zuciyar ɗan na bugawa, cuta ta shiga jininta ta rasu. A Mayun 2018 kusan kashi 66 cikin 100 na masu ƙuri'a suka soke wancan gyaran.

Gaskiya_Ɗaya:
Uwar_Biyu, ki yafe min in maganata ta farko ta taɓa ki, ba irinki nake nufi ba. Allah ya mayar miki da alheri. Ceton ran uwa kuwa ban taɓa musu a kansa ba, Malam ma ya faɗa. Abin da na ƙi shi ne a ce abin da ke ciki ba kowa ba ne, ba shi da mai magana da yawunsa. In kundi na kare mai rauni ne, wa ya fi shi rauni?

Tsohon_Lauya:
Wannan tambayar ba ta wasa ba ce, kuma akwai kotun da ta ɗauke ta da muhimmanci. Kotun tsarin mulkin Jamus, a 1975 da kuma 1993, ta ce gwamnati tana da nauyin kare ran da ke cikin mahaifa, saboda kundinsu ya fara ne da mutuncin ɗan Adam. Amma ta yarda ba dole sai da kurkuku ake karewa ba. Abin da suka tsaya a kai: cikin mako 12 na farko, abin ya saɓa wa doka amma ba a hukunta mace idan ta je an ba ta shawara a cibiyar da aka amince da ita, ta jira kwana 3. Babu ɓangaren da ya ji daɗinsa sosai, amma ya daɗe yana aiki. Poland kuma ta bi wata hanyar, a Oktobar 2020 kotun tsarin mulkinsu ta soke damar da ake da ita idan ɗan yana da mummunar naƙasa. Kundi iri ɗaya a fuska, fassara ta kai su gabas da yamma.

Ɗan_Kwamfuta:
Ku yi haƙuri zan ɗan karkatar da zancen. Ana ta maganar ɗan sanda a ɗakin barci, alhali yau ba ya buƙatar zuwa, wayar da ke ƙarƙashin matashin kai ta isa. Manhajar lissafin kwanakin al'ada ta san ranar da aka yi ɓatan wata. Abin da aka nema a Google yana ajiye. Wayar ta san asibitin da aka je da awa nawa aka yi. A 2021 hukumar kare masu saye ta Amurka ta cimma matsaya da kamfanin manhajar Flo bisa zargin ya miƙa bayanan lafiyar mata ga kamfanoni irin su Facebook da Google bayan ya yi alƙawarin ba zai yi ba. A 2022 a jihar Nebraska 'yan sanda sun karɓi saƙonnin Facebook na wata uwa da 'yarta da takardar izinin kotu, aka yi amfani da su a shari'a.

Matsalar ita ce kundin Amurka gwamnati yake ɗaure wa hannu, ba kamfani ba. A 2018, shari'ar Carpenter, kotu ta ce sai da izinin alƙali za a karɓi tarihin wuraren da wayarka ta je daga kamfanin waya. To amma in dillalan bayanai suna sayar da irin wannan a kasuwa fa? Abin da aka hana ka ƙwata sai ka saya.

Baƙuwa_Mai_Karatu:
Subhanallah. Ina da irin manhajar nan shekara uku. In na goge ta bayanan sun tafi?

Ɗan_Kwamfuta:
Goge ta daga waya ba ya goge abin da ke rumbun kamfanin, Hajiya. Ki shiga cikinta ki nemi wurin rufe asusu da share bayanai tukuna, sannan ki cire ta. In za ki sake wata, nemi wadda ke ajiye komai a kan wayar kawai ba tare da rajista ba. Takarda da biro ma har yanzu suna aiki.

Ɗalibar_Shari'a:
Mun yi nisa, bari in dawo da mu. Daga abin da na ji, ashe maganin shi ne a rubuta ƙarara kowa ya huta? Na ga Afirka ta Kudu a kundinta na 1996, sashe na 12, ta rubuta cewa kowa yana da haƙƙin yanke shawara kan haihuwa da iko da jikinsa, sannan ta ware sashe na 14 ga sirri. Faransa ma ranar 4 ga Maris 2024 'yan majalisa, 780 sun amince 72 sun ƙi, suka sa 'yancin zubar da ciki a kundinsu, duk da suna da doka tun 1975, kuma sun faɗa cewa abin da ya faru a Amurka ne ya farkar da su.

Tsohon_Lauya:
Rubutu ya fi rashinsa, amma kada ki ɗauka an gama. Dubi Florida. A 1980 jama'ar jihar suka kaɗa ƙuri'a aka rubuta haƙƙin sirri ɓaro-ɓaro a kundinsu. A 1989 kotun ƙolin jihar ta ce wannan sashen ya haɗa da zubar da ciki. A Afrilun 2024 kotun dai, da sababbin alƙalai, ta ce bai haɗa ba. Sashen kuwa yana nan a takardar, ba a cire shi ba. A Nuwambar shekarar aka kai maganar ƙuri'ar raba gardama, kashi 57 suka amince, amma dokarsu na buƙatar 60, ya faɗi.

Sai ki dubi Indiya, akasin haka. Kundinsu bai ambaci sirri ba, amma a Agustan 2017 alƙalai 9 baki ɗaya suka ce yana cikin haƙƙin rayuwa da 'yanci na sashe na 21. Wanda ya kai ƙarar tsohon alƙali ne, Puttaswamy, kuma a kan katin shaidar Aadhaar ne, ba a kan ciki ba. A Indiya ba a rubuta ba an samu, a Florida an rubuta an rasa.

Mai_Lura:
Wannan ya ƙarfafa maganata. Tunda alƙalai na juyawa, gara jama'a. Kansas jiha ce ta masu ra'ayin riƙau, amma a Agustan 2022 kusan kashi 59 suka ƙi a cire kariyar daga kundinsu. Michigan a 2022 da Ohio a 2023 sun rubuta tasu da ƙuri'a. Wasu jihohin kuma sun hana kusan gaba ɗaya. Kowa ya samu abin da mutanensa suka zaɓa.

'Yar_Gwagwarmaya:
Kowa ya samu? Mai kuɗi ta hau jirgi ta tsallaka wata jihar, wadda ba ta da kuɗin mota ta zauna. Haƙƙin da ke ƙarewa a kan iyakar jiha na masu hali ne. Kuma kada a manta mai shari'a Thomas ya rubuta a Dobbs cewa a sake duba shari'ar Griswold ta 1965 ita ma. Alito ya ce hukuncin bai shafe ta ba, na ji, amma ginshiƙinsu ɗaya. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Malam_Mai_Nazari:
Ni inda na tsaya: ba zan sa hannu a rubuta cewa zubar da ciki haƙƙi ne sake ba ƙaidi ba, imanina bai ba ni ba. Amma zan sa hannu da sauri a rubuta cewa ba a tilasta wa kowa juya mahaifa, ba a hana ma'aurata tsara tazarar 'ya'yansu, ba a buɗe takardun asibitin mace sai da izininta ko umarnin alƙali, kuma ba a kama likitan da ya ceci ran uwa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Taron Majalisar Ɗinkin Duniya da ya fara cewa iyaye na da haƙƙin tsara yawan 'ya'yansu da tazararsu ma a Tehran aka yi shi, 1968.

Ungozoma_A_Bakin_Aiki:
Malam, a kan huɗun nan muna tare. Saura wadda aka yi wa fyaɗe, da yarinya 'yar shekara 12 da ƙugunta bai isa haihuwa ba. Yarjejeniyar Maputo ta 2003, ta Tarayyar Afirka kan haƙƙin mata, sashe na 14, ta ambaci fyaɗe da cikin da muharrami ya yi da haɗari ga lafiyar uwa. Na karɓi haihuwar irin yaran nan da hannuna, ba zan iya cewa a bar maganarsu a waje ba.

Malam_Mai_Nazari:
Wannan tana buƙatar zama na musamman, Hajiya, kuma akwai malaman da suka yi magana a kanta da sassauci a farkon ciki. Ba zan yanke ta a tsaye ba.

Mai_Bibiyar_Tarihi:
Ƙarin bayani ga mai tambaya, tunda na ga za ki rubuta wani abu a kai. Ki nemi shari'ar Skinner ta 1942. Oklahoma ta yi dokar yi wa mai maimaita laifi aikin hana haihuwa, amma ta cire masu almundahana da dukiyar da aka ba su amana. Mutumin da aka so a yi wa, ɗaya daga cikin laifukansa satar kaji ne. Kotu ta soke dokar, ba don sirri ba, don rashin daidaito: ɓarawon kaza a yanke masa zuriya, ɓarawon biro a bar shi. Wataƙila hanyar da Ginsburg ke nufi ke nan. Kuma har yau Kotun Ƙoli ba ta fito ƙarara ta soke hukuncin Buck na 1927 ba.

Ɗalibar_Shari'a:
Ban san wannan na ƙarshen ba, zan bincika. Baba, tambaya ɗaya ta rage min a kan Florida: in kotu za ta iya canza ma'anar sashe ba tare da an taɓa rubutun ba, mutanen da suka kaɗa ƙuri'a a 1980 wa zai faɗi abin da suke nufi?

Tsohon_Lauya:
A kan wannan ɗin aka yi shari'ar, 'yata. Ɓangarorin biyu duk sun tono jaridun lokacin da muhawarar majalisa, kowa ya ciro abin da ya dace da shi. Ki karanta hukuncin masu rinjaye da na wanda ya saɓa musu, ki dawo mu tattauna.

Uwar_Biyu:
Baba, ni kuma tawa tambayar: ma'aikaciyar da ta fitar da maganata, a irin waɗannan kundin akwai wanda zai ba ni damar kai ta ƙara ni da kaina, ko sai gwamnati ta ga dama? Shekara huɗu ke nan ban taɓa tambayar kowa ba.